Jan Zaren da Na Yi wa Kishi

Ku matso, ku ba ni kunnuwanku.

Jikata Hanan, wadda uwarta 'yar Denmak ce, ta zo hutu wurina a Giza, can ƙasar Masar. Tana sauka ta saita kwamfutarta ta riƙa duba mata rubutun yaren Denmak, don kullum sai ta rubuta wa kakarta ta can. Na leƙa wasiƙar, na ga jan zare ƙarƙashin wasu kalmomi, kamar surfani. Raina ya sosu. Ni ke tuƙa tuwo, wata ke samun ado?

Na ce, "Yalla, maza ƙawata, rubuto min tawa da Hausa."

Tawa ta fito ja wur, kowace kalma da zarenta. Na rungumi kwamfutar, na hau bene wurin maƙwabciyata Hajiya Sittana, don ta ga kakar da aka fi so.

Ta gyara tabarau ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri Hajiya, jan nan kuskure yake nunawa. Na'urar ba ta jin Hausa."

Hanan ta koma Denmak tana dariya. Kakar can har yau ba ta san mun yi takara ba. Sittana kuwa, ko tumatir ta gani a hannuna, sai ta ce, "Hajiya, wa ya so ki haka?"