Yadda Za Ka Yi Kiwon Ƙudan da Guba Ba Ta Kashewa

Kai mai mangwaro a tsakar gida, matso nan. Kashe ƙuda ba gwaninta ba ce, ko jariri yana yi da tafin hannu. Amma ka raini ƙudan da zai sha guba ya lashe baki ya nemi ƙari, wannan sai gwani. Ni ban yi nisa a makaranta ba, ban kuma nemi afuwar kowa a kan haka ba. Abin da zan koya maka da idona na gani ta saman katanga, a gidan ƙanena, wanda unguwa ke kira Janar saboda yadda yake goya famfon feshi yana takawa kamar zai ci gari. Bi sawunsa. Na yi maka alkawari ba za ka faɗi ba.

Mataki na 1: Samu abin da za ka iya rasawa

Kiwo ba ya armashi in babu fargaba. Janar bishiya ɗaya gare shi. Shi ya dasa ta shekarar da ya yi aure, yana ji da ita fiye da sauran haƙoransa. Matarsa tela ce, kekenta na ƙarƙashin rumfa, dab da gindin bishiyar.

Sai ƙananan ƙudajen nan masu ruwan zuma suka gano wurin. Macen takan huda mangwaro ta zuba ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta ci ciki, mangwaron ya ruɓe ya faɗo. Ran nan wani ya faɗo fat a kan farin yadin da aka kawo ɗinki. Matar ta ajiye almakashi.

"Baban yara, ko ka yi maganin ƙudan nan, ko mai gatari ya yi maganin bishiyar."

"Haba ke kuwa! Ba ki san wa kike aure ba?"

"Na sani sarai. Shi ya sa na riga na karɓi lambarsa."

Mataki na 2: Ka auri kwalba ɗaya

Je shagon maganin ƙwari ka zaɓi kwalba, ka riƙe ta har abada. Janar mai jan murfi ya ɗauka. Shekarar farko ƙuda ya zuba kamar an karkaɗe tabarma. Ya share gawarwakin a faranti, ya bi gida gida yana nunawa. Ni ma an kawo mini ina cikin cin abinci.

Mai shago ya ce masa, "Baba, baɗi ka zo in ba ka wani iri daban. Ba a zama a kan guda."

"Yaro, ni da jan murfi sai mutuwa."

Haka ake so. Ga sirrin. A cikin tarin ƙudan nan akwai 'yan ƙalilan masu taurin rai, haka aka haife su, ba wanda ya koya musu. Guba ta kwashe raunana, ta bar wa waɗannan bishiya sukutum ba mai raba ta da su. Su auri juna, su haifi irinsu. Ƙuda kuwa ba ya jiran a gama gini kafin ya tare. Kafin mangwaro ya ƙare a sama, wadda ta tsira ta zama kaka. Kai kana feshi, ashe tankaɗe kake yi musu.

Mataki na 3: Tsinka shi da ruwa

In an ce murfi uku, zuba ɗaya. Janar yakan ce, "Shi ƙudan nawa yake gaba ɗayansa?" Da wannan hikima ko masu rabin tauri za su sha da ƙyar, su yi kwana biyu suna jiri, su miƙe su shiga layin aure. Dangi ya ƙaru.

Mataki na 4: Kori duk mai taya ka

Akwai masu yi maka aiki kyauta, kuma dole ka rabu da su. Gizo-gizo yana kama ƙuda. Fesa masa. Rina da tururuwa suna cin rabonsu. Fesa musu. Janar har igiyar shanya ya fesa, don kada ta ce ba a yi da ita ba.

Sai kaji. Tsutsar nan in ta ƙoshi takan fito daga ruɓaɓɓen mangwaro ta nutse cikin ƙasa, ta kwanta, ta fito da fiffike. Kajin matarsa sun san haka, kullum suna gindin bishiya suna tono. Janar ya tattara su ya kulle a akurki.

"Kajina kuma me suka yi maka?"

"Don lafiyarsu ne. Nan filin daga ne."

Na leƙa ta katanga na ce, "Kai, kwashe mangwaron da ya faɗo ƙasan nan kullum, ka binne a rami mai zurfi. Feshinka ba ya shiga cikin mangwaro."

"Yaya, ni soja ne, ba mai shara ba."

Na koma ciki. Ba na maimaita magana.

Mataki na 5: In ya daina ci, ƙara masa

Wata shekara za ka fesa, ka ɗauko faranti, ka rasa abin sharewa. Kada ka yi tunani, tunani yana ɓata kiwo. Ninka awo. Fesa da safe, fesa da yamma. Yanzu tankaɗenka ya yi laushi, zakaru zalla ke wucewa.

Da abin ya ci tura, Janar ya ci amanar jan murfi. Ya sayo mai koren murfi wajen wani mai talla a bakin titi, ya biya ta shago don ya yi wa mai shago gori. Mai shago ya juya kwalbar, ya karanta bayanta, ya riƙe ciki don dariya.

"Baba, ai jan murfi ne ya sauya hula! Abin ciki ɗaya ne."

A lokacin ƙuda ya daina gudu. Da idona na ga ɗaya ya sauka a bakin famfo, ana cikin feshi, yana murza hannuwa kamar wanda aka kawo wa ruwan wanke hannu. Masu kawo ɗinki suka fara cewa kayansu na warin gona. Matar tana tari ta ce, "Bana ce ta ƙarshe."

Mataki na 6: Ranar wuƙa, kai ka zaɓo

Janar ya hau tsani, ya tsinko wanda ya fi kowanne kyau, can ƙololuwa. Ya wanke shi, ya goge da gefen riga, ya miƙa mata da hannu biyu. Aka kira ni shaida. Maƙwabta kuwa ba a kira su ba, amma katanga ta cika da kawuna.

Ta yanka. Tsutsa ta ɗago kai, fara sol, mai ƙiba, kamar za ta tambaye shi ya iyali.

"Wannan baƙuwa ce," in ji Janar. "Daga gidan Yaya ta zo."

Ta yanka na biyu. Nan gida guda aka tarar, har da surukai.

"Baban yara, in yanka na uku?"

Ta ɗaga murya ta ce, "Shigo!" Ashe mai gatari tun safe yana bakin ƙofa yana wasa ƙarfensa.

Mataki na 7: Raba wa maƙwabta

Bishiya ta faɗi kafin rana ta yi tsaka. Janar bai kalla ba, ya shige ɗaki da ƙwallon mangwaro ɗaya a aljihu. Kututturen yanzu a kansa masu kawo ɗinki ke zama a gwada su.

Amma kiwo bai lalace ba, kada ka damu. Waɗanda ke kwance cikin ƙasa suka fito, suka duba sama, babu mangwaro. Suka duba hagu, ga gwaibata. Ƙuda bai san katanga ba.

Na je na sayo jan murfi, na auna daidai yadda aka ce, na fesa. Ko atishawa ba su yi ba. Mai shago ya ce duk layinmu haka ne yanzu, sai dai a sauya iri, a kafa tarko, a kwashe na ƙasa. Don haka kullum da safe ina duƙe da buhu, ni da furfurata, kajin matar ƙanena da na aro suna bina a baya.

Jiya ina cikin haka sai ga kan Janar ta saman katanga.

"Yaya, sannu da shara. In aro maka famfo?"

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa bishiya, ko inuwa, ko girmansa a gaban matarsa, babu ruwana. Ban sayar maka da kwalba ba, ban kulle maka kaji ba. Kada ka kawo mini ƙara, kada ka kawo mini faranti. In kuwa katangarka ta haɗu da tawa, ajiye karatun nan ka zo ka riƙe mini bakin buhu.