Ranar da na kai mai lafiya asibiti

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ta tsakiyar bazara ba, ina wata na uku da kama aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye arewa da Takanamat. Ni kaɗai ne ma'aikacin jinya a wurin, kowa "likita" yake ce mini, ni kuwa har tafiyata ta canja.

Da hantsi wani dattijo makiyayi, Baba Illa, ya shigo. Igiyar guga ce ta yanke shi a tafin hannu, so yake a ɗaure masa ya koma bakin rijiya. Na wanke ciwon, na ɗaure. Da na tsaya nan da an rabu lafiya. Amma sai iyayi ya sa na kama wuyan hannunsa ina duban agogo. Bugun zuciyarsa bai kai hamsin ba a minti ɗaya. Na sake ƙirgawa, haka dai.

Na gaya masa, ba ko sakayawa, cewa zuciyarsa na iya tsayawa kowane lokaci. Na sake kama hannun (wai in ga ko tsoro ya ɗaga bugun), na tarar da ƙyar ya motsa. Maimakon in yi tunani, sai na ce lallai abin ya yi nisa.

"Likita, ni lahiya lau nike," ya ce. "Yau kwana biyu shanuna ba su sha ba, kuma yau ne ranarmu ga rijiya."

Ya yi mini bayani cewa rijiyar rana-rana ake rabonta tsakanin masu garke, wanda ranarsa ta wuce sai ta sake zagayowa, kuma babu wanda zai ja masa ruwa. Ban saurara ba. Na ce rai ya fi saniya, na kira motar asibiti, na tasa shi gaba sai babban asibitin garin Tawa. Duk ramin da muka faɗa sai na ce masa ya yi salati. Shi kuwa har gyangyaɗi ya yi.

A Tawa wata babbar likita ta duba shi tsaf, gaban ɗalibanta su shida. Ta tambaye shi aikinsa, da irin tafiyar da yake yi. Ya ce tun yana yaro kullum yana bayan shanu, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Sai ta juya ga ɗaliban ta ce mai irin wannan doguwar tafiya kullum, zuciyarsa a hankali take bugawa don ta yi ƙarfi, kuma ko an tsorata shi ba ta cika zabura ba, in ta zabura ma da wuri take kwantawa. Sannan ta tambayi wanda ya kawo shi. Na ɗaga hannu. Ta kama shi, ta dubi agogonta.

"To ku zo ku ji ta wanda ba ya motsa jiki in hankalinsa ya tashi."

Wallahi layi suka yi, su shidan nan, kowa ya taɓa ni. (Ni da ko masallaci a kan babur nake zuwa, me zan ce?) Na so ƙasa ta tsage in shige.

Kunyar ba ita ce ta fi ci mini rai ba. Sai washegari muka samu komawa, ranar Baba Illa ta wuce. Maƙwabta sun ɗan sam wa garken abin da suka iya, amma wata tsohuwar saniya mai ciki ta faɗi, ba ta tashi ba.

Na je na ba shi haƙuri. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da na fi jin sauƙi. Dafa kafaɗata ya yi.

"Ɗana, kar ka sa abin ga ranka. Kai zuciyarka ba ta da ƙwari."

Yanzu kullum da safe sai na yi tafiyar ƙafa mai nisa, kuma kafin in kira wa mutum mota sai na tambaye shi sana'arsa. Darasin ya zauna daram, sai dai ba ni na biya shi ba, Baba Illa ne ya biya da saniyarsa.