Yadda Za Ka Shiga Gaban Maharba Cikin Kwana Ukku

Bi matakan ga, ranar bikin 'yancin kai kai ne gaban maharban Dogon Dutsi, kumandan mai mulkin gari na kallo. An jarraba su bisa ɗan kawuna Hilaire, malamin lakwal, makarantar boko, wanda ake ce ma Mushe, wato malam da Faransanci. Wurin ga ya nema, Sarkin Baka Gado ya ce ya kawo naman da ya harbo da hannunshi tukuna.

1. Baka

Sayi wanda ya hi ka tsawo, ya hi kyau ga hoto. Kada ka tambayi maharba komi, ba su yi lakwal ba. Kana da littahin Faransanci mai zane.

2. Tsirkiya

Bakan ga mai lanƙwasassun kunnuwa ne, maharba na danne shi da gwiwa su juya shi, suna nishi. Wahala ce ta marasa ilimi. Kai ɗaura tsirkiya ta wajen da ya riga ya lanƙwashe. Gado ya ce ma Hilaire: "Mushe, bakanka na kallon baya." Shi ko ya gyara tabarau ya ce: "Bon." Kai ma ce haka.

3. Kibau

Su suna mirgina kyauro bisa tahin hannu, su runtse ido guda su ga ko ya miƙe. Kai ɗauki mai ƙyalli. Kibau na littahi duk da gashi, namu tsirara suke, abin kunya ga ƙasa mai tuta. Zakaran Gwaggo Shatu na nan bayan rumbu. Har yau tana tambayar wa ya yi mashi aski.

4. Harbi

Tsirkiya za ta zabge maka hannu, kibiya ta hwaɗi kusa da takalminka. Sa riga mai dogon hannu.

5. Nama

Hau keke, bi hanyar Gesheme, dubi sama. Inda angulaye sunka taru, nan rabonka yake. Hilaire ya iske barewa kwance, ya soka mata kibiya da hannu, ya ɗauro ta.

Gado ya toshe hanci da bakin rawani.

"Mushe, yaushe ka harbe ta?"

"Yau da sahe, Baba."

"Allah sarki. Tun shekaranjiya ta ji kana zuwa, ta hutasshe ka." Sai ya waiwaya ya ƙwala kira: "Maharba! Ku hito ku ga mushe biyu bisa keke guda!"

6. Ranar biki

Kwana biyu Hilaire na wanka da sabulu, warin bai ji Faransanci ba. Maharba sunka yi shawara, sunka sa shi gaba, taki ashirin tsakani, ta inda iska ke tahiya. Kumandan ya tambaya wane ne wancan jarumi shi kaɗai.

Alkawali ya cika. Kumburin hannu, hushin Gwaggo Shatu, da sunan da garin duka ke kiranka da shi yana dariya, ba ruwana. Ni ko lakwal ban yi ba.