Lallen Malama a Gaban Na'ura

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da hantsi ba, a ɗakin kwamfuta na wata cibiya a Ƙaraye. Akwai ni, akwai 'yan matan ajin ƙarshe da nake koyarwa, sai Malam Sabi'u mai kula da na'urori. Gwaji muka je kafin jarrabawar shiga jami'a.

Ba tambayoyin ne suka fi tsorata yaran ba, na'urar tantance yatsa ce. Idan ta ƙi mutum, shiga ɗakin jarrabawa ya zama aiki. Shi ya sa tun farkon zango na kafa doka: babu lalle sai an gama. Na maimaita har suka laƙaba mini suna Malama Ba-Lalle (sun ɗauka ban sani ba).

Hauwa'u 'yar Tudun Kaya, wadda ta fi kowa ƙoƙari, ta riga ta ce ba za ta zauna jarrabawar ba.

"Malama, ɓarar gyaɗa ta cinye min zanen yatsu. Gara in zauna gida da a kore ni gaban mutane."

Da ƙyar na lallaso ta.

To, a makon ne aka yi bikin ƙanwata a Rogo. Gwaggona ta tsare ni: "Yayar amarya da farin hannu kamar mai takaba? Miƙo nan!" Na miƙa. Tun da muka taso ran Asabar hannuwana suna cikin hijabi.

Da Hauwa'u ta tsaya gaban na'urar ta ƙi ɗora yatsa, sai ƙwazon malanta ya mantar da ni lallen. Na ce, "Ku dube ni, ba wani abu ba ne." Na zaro hannu na dangwala.

Jar fitila. Na goge, na sake. Ja.

Malam Sabi'u ya ce, "Hajiya, wannan lallen ai ya kama sosai."

Wata daga baya ta ce, "Malama, Allah ya sanya alheri!"

Ɗaki ya ɓarke. Hauwa'u ta yi dariya har da hawaye, tana cikin dariyar ta ɗora yatsa. Koriya, tashi ɗaya.

Ranar na gane kunyar malami ta fi huɗubarsa saurin kashe fargaba, sai dai ban ba kowa shawarar gwadawa ba. Hauwa'u ta zauna jarrabawarta. Lallena kuwa har ranar bai gama fita ba.