Nafi'u Ya Gano Laifin Direba

In dai cika baki ne, a ofishinmu na Kaduna kowa ya sallama wa Nafi'u. Aikinsa sayo kaya, amma ya laƙaba wa kansa Injiniya. Wai kwamfuta ko tari ta yi, ya san abin da ta ci.

Ran nan Hajiya Turai, manajarmu, za ta tura rahoto babban ofis a Legas kafin azahar. Sai VPN, manhajar da ke haɗa mu da can, ta ce ba ta san zance ba. Ta yi ta juyi, can ta watso jan rubutu.

Nafi'u ya naɗe hannun riga. "Hajiya, matsa. Wannan ai shan ruwa ne."

Ƙwas-ƙwas-ƙwas! Ya kashe, ya kunna. Ya zare waya, ya hure ta fuu, ya mayar. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Gumi ya keto masa.

"Ina zuwa," in ji shi. Ya faɗa banɗaki, ya kira Bilkisu mai kula da kwamfutoci a Legas, yana raɗa.

Ta ce, "Direban ne ya tsufa. A cire shi, a sa sabo."

Ya fito yana baza kafaɗa. "Na gano! A kira min Baba Sabi'u."

Baba Sabi'u direban ofis ya shigo, goro a baki.

"Hajiya, ga matsalarki nan tsaye. Ya tsufa. A cire shi, a sa sabo."

Goro ya faɗi tim. "Ni? Yaro, yaushe na taɓa tuƙa kwamfuta?"

"Baba, ilimi ne, ba za ka gane ba."

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. Ta kira Bilkisu a Legas, ta buɗe muryar wayar kowa na ji, ta tambaye ta ko da gaske sai an cire Baba Sabi'u.

Bilkisu ta ƙyalƙyale da dariya. "Ranki ya daɗe, direban cikin kwamfuta nake nufi, wata 'yar manhaja ce! Ai yanzun nan na gaya wa wani Nafi'u. Daga banɗaki ya kira, famfo na zuba, yana haɗa ni da Allah kada in faɗa wa kowa."

Kowa ya juyo ya dubi Injiniya. Nafi'u ya nemi ƙasa ta tsage.

Baba Sabi'u ya kaɗa makullin mota. "Injiniya, gida zan kai ka, ko banɗakin za ka koma ƙaro karatu?"