Direba, Sauke Ni Nan

Zamanin Nasara ina ɗan aike a Yamai, inda duk jiragen ƙasar ke tashi, haƙorana cif, bakina ba linzami. Aka aike ni Maraɗi a jirgin sama. Da ajina uku na lakwal, makarantar boko, na duba taswira, na ga Dogon Dutsi, garinmu, kan hanya take. Na aika gida: ranar sunan ɗana daga sama zan sauko. Surukina ya sare geronsa don jirgi ya samu fili.

Da na hango dutsenmu, na bubbuga jikin jirgi yadda muke wa kamyo, motar kaya: "Direba, sauke ni nan."

Jirgi bai tsaya ba sai Maraɗi. Kwana uku bayan suna na iso gida a kamyo, bisa buhunan gyaɗa. Har yau in jirgi ya gifta, matata kan ce, "Malam, bubbuga mana, ko ya tsaya."