Rasuwar Kujerar Jirgin Abdulmuttalib

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga abin da Allah Ya hukunta, Sabuwa matar Abdulmuttalib masunci, ta Mai Wurno, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na nan gari da na Sinnar da Wad Madani rasuwar kujera mai juyawa ta jirgin maigidanta. Ta cika ranar Talata da la'asar, a gindin bagaruwar bakin kogi, bayan shekara goma sha ɗaya a hannunsu.

Marigayiya asalinta kujerar ofis ce. A kasuwar tsofaffin kaya ta Wad Madani maigida ya tsinto ta babu ƙafafu, ya rungumo ta a cinya cikin motar haya har gida. Masunta suka yi ta dariya, wai mai kama kifi da kujerar mudir, shugaban ofis. Bai kula su ba. Bencin jirgin na alminiyam ne, ba shi da kauri, sai ya shimfiɗa katako a kai, ya huda rami huɗu. Shi yana murza ƙusoshi daga sama da sifana, Sabuwa tana kwance a ƙasan benci tana riƙe da noti. Uku suka ɗauru tam. A na huɗu ta jiyo ƙaurin gahawar da ta bari a wuta, ta ce masa ya kama, alhali bai kama ba. Daga nan marigayiya ta samo muryarta: ƙiii, ƙwas.

An shaide ta da haƙuri. Ta sha rana, ta sha ƙarnin kifi, ba ta taɓa ƙin juyawa ba. Ta hutar da bayan maigida, ya juya ga inji, ya juyo ga taru, ba sai ya miƙe ba. Sau ɗaya ma mai naƙuda ta haye kogi a kanta. Kullum la'asar in ya kashe inji a gaɓa ya juyo ya fuskanci gida, sai ta yi ƙiii, ƙwas, Sabuwa kuma ta ɗora jabana, tukunyar gahawa, a garwashi. Ya gano notin nan tun da wuri, ya ƙi ɗaure shi. Ya ce sallamarsa ke nan.

Shekara huɗu da suka wuce, cikin damina, ruwa ya yi ja ya cika, ya fita da safe. Bayan kwana biyu aka sami jirgin maƙale cikin ciyawa wajen Makwar. Taru yana ciki, hularsa tana ƙasan benci, kujera ta ba hanyar gida baya. Shi ba a same shi ba. Babu wanka, babu likkafani. Ko ita ta zubar da shi, ko shi ya miƙe, ita kaɗai ta gani, kuma ba ta faɗa ba. Sabuwa ta tambaye ta ba sau ɗaya ba, tana kallon notin nan na huɗu.

Ƙanensa Sodangi ya jawo jirgin gida, ya ajiye shi a gindin bagaruwa. Tun daga ranar, la'asar ba ta taɓa yi ba sai kujerar ta juyo ta dubi ƙofar gida, babu kowa a kanta. Sodangi ya ce iskar kogi ce. Sabuwa ba ta yi masa musu ba, sai dai ba ta san wanda ya nuna wa iska ƙofarsu ba. Da shekara huɗu ta cika, liman ya aiko cewa lokaci ya yi da za a sa shi cikin mamata, ta shiga takaba. Ta ce a bar ta sai ranar da kujera ta yi shiru.

Jinyar ta fara tun bara. Wani farin gari ya tsiro kewaye da ƙusoshin yana cin alminiyam, tsatsa ta kama wuya, murya ta dushe. An shafa man riɗi, an ɗiga baƙin mai, sauƙin kwana biyu ne. Ranar Talata jabana tana kan wuta, marigayiya ta fara ƙiii, ba ta kai ga ƙwas ba. Sabuwa ta same ta kwance a gefe. Ukun da aka ɗaure tam su suka tsinke. Na huɗun ne ya riƙe har ƙarshe.

Ta rasu ta bar jirgi mai rami huɗu, da matashin da 'yarsu Sakina ta ɗinka mata, da finjali biyu, da Sabuwa.

Za a ɗauke ta a kan angarib, gadon igiya, ranar Juma'a da hantsi, a rufe ta a gindin bagaruwa, fuskarta wajen kogi, don duban gidan da ta yi ya isa. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, Sabuwa kuma ta yarda. Amma duk wanda ya zo, ya zo da addu'a ga mai zama a kanta. A ranar Sabuwa za ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma.

Masu gaisuwa su zo da safe, za a zauna a rumfar ƙofar gida. La'asar a bar mata ita, har kunnenta ya saba.